A Auna Gero Kafin A Ƙara Tukwane

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana cin mu, yau za mu faɗe ta a fili. Kusan kowace shekara sai mu ji an ce jami'a kaza ta buɗe sabon sashe, jami'a kaza ta sami izinin koyar da sabon fanni, a yi taro a ɗauki hoto. Mu kuwa da ke Dambatta da Makoda da Bichi da Kunchi da Tsanyawa, abin da ke iso mana daga wannan murna shi ne takardar kuɗin rajista.

Kada wani ya ce mu maƙiyan ilimi ne. Mun san daga inda Jami'ar Bayero ta taso. A 1960 'yar ƙaramar kwaleji ce a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta birnin Kano, a 1962 ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da sunan Kwalejin Abdullahi Bayero, sai a 1977 ta tsaya da ƙafarta. Da a ce mutanen wancan zamani sun ce sai kuɗi sun wadata za su ƙara aji, da har yau ba mu da likita ɗan Kano ko lauya ɗan Kano da ya yi karatu a gida. Girma ba laifi ba ne. Tambayarmu ita ce, wa ke biya, kuma me ake saya?

To, ga yadda abin ya gudana a kan idonmu. A 2022 malaman jami'a suka shiga yajin aiki ran 14 ga Fabrairu, ba su koma ba sai a watan Oktoba, wata takwas cur, saboda batun kuɗi. Yaranmu suka dawo gida suka yi damina da mu, har aka yi girbi. A watan Disamba na shekarar nan kuwa, hukumar da ke kula da jami'o'i, watau NUC, ta fito da sabon tsarin karatu, ta ƙara manyan rukunan fannoni daga 14 zuwa 17. Kafin nan ma, a 2020, ta riga ta tsaga karatun aikin jarida ya zama digiri bakwai. Ran 29 ga Mayu 1923 ba mu ce ba, ran 29 ga Mayu 2023 muke nufi, wadda kowa ke tunawa, aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Daminar ba ta ƙare ba Jami'ar Bayero ta ninka kuɗin rajista, har Gwamnatin Kano ta fitar da kimanin naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000 'yan jiha, ta kuma rage rabin kuɗin makarantunta na gaba da sakandare. Mun gode, amma wannan agaji ne, wanda ake nema sa'ad da bango ya riga ya faɗo.

Yanzu bari mu yi lissafi irin na kasuwa, wanda kowane mai tebur ya iya. Sabon sashe yana bukatar malamai, da ɗakin gwaji, da littattafai, da wuta, da ruwa. Asusun TETFund, wanda ake tarawa daga harajin kamfanoni, yana gina ɗakuna yana sayen kaya yana tura malamai ƙaro karatu, amma ba ya biyan albashi, ba ya biyan kuɗin lantarki. Kuɗin lantarkin kuwa, ga manyan masu sha, ya tashi daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni a watan Afrilu 2024. Idan Gwamnati ba ta ƙara abin da take bayarwa ba, giɓin nan daga ina za a cike shi? Daga aljihun ɗalibi. Aljihun ɗalibin Kunchi kuwa rumbun ubansa ne da akuyar uwarsa.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Nan ba a barin gona ta huta. Gona na jikin gona, an raba gado an sake rabawa, har mutum ya tsaya a tsakiyar tasa ya yi magana da maƙwabci ba tare da ɗaga murya ba. Da takin gida da tokar murhu da kashin tumaki muke riƙe ƙasar nan tun kakanni, gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya. Abin da aka girbe da ƙyar yake kai gida wata damina. In aka ɗebi buhu biyu aka kai Dawanau a watan kaka, sa'ad da farashi ke ƙasa, don a biya rajista, to a watan Yuli maigidan nan zai koma ya sayi hatsin da tsada. Mai saye a Dawanau ya san haka, shi ma ɗansa na makaranta, shi ma kuɗin mota ya cinye ribarsa.

An ce mana ga bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024. Madalla, ya taimaki wasu. Amma bashi bashi ne. Yaron da ya ci bashi ya karanta fannin da malaminsa na aro ne, na'urar gwajinsa ta aro ce da aka kawo ranar zuwan masu duba aiki aka mayar washegari, wannan yaro an cuce shi sau biyu. Kowa ya ji labarin irin wannan aro, ba mu ƙirƙiro shi ba, ba kuma za mu kama suna ba.

Ita kanta Gwamnatin Tarayya ta amsa cewa an yi gaggawa. A watan Agusta 2025 ta hana kafa sababbin manyan makarantu nata har shekara bakwai, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce akwai jami'o'i 34 da ko mutum ɗaya bai nemi shiga ba. Ashe! Sai dai hanin ya tsaya ga sababbin makarantu ne. Tukwanen da ake ƙarawa a cikin tsofaffin gidaje, wa ke ƙirga su?

Akwai ƙarin da muke so, don kada a ce ba mu iya komai ba sai ƙorafi. A 2012 Jami'ar Bayero ta kafa cibiyar nazarin noman ƙasa mai ƙarancin ruwa, a 2014 Bankin Duniya ya zaɓe ta cikin cibiyoyin Afirka da zai tallafa wa. Wannan sashe ne da ya zo da kuɗinsa, aikinsa kuma ya shafi gero da wake da ƙasar da muke takawa. Irinsa muke nema. A sabon tsarin NUC an bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta. Muna so mu ga wuta-wuta da ke cinye dawarmu a cikin kashin nan, da ajiyar wake ba tare da guba ba, da noman rani a madatsar Tomas da ta Watari, waɗanda ruwansu ke kwance ga kuma matasa na tafiya cin rani. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo nan a Dambatta, yaro zai iya zuwa daga gidan ubansa. A cika ta da malamai da kayan aiki tukuna, kafin a yi zancen sababbin sunaye.

Don haka muna kira ga wakilan da muka zaɓa daga arewacin Kano, na majalisar jiha da na Abuja, su nemi kowace jami'a da ke jihar nan ta bayyana abu uku kafin ta buɗe sashe: malamai nawa ta ɗauka nata na kanta, nawa sashen zai ci a shekara, kuma daga ina kuɗin zai fito. A karanta shi a rediyo da Hausa, yadda mai awo a kasuwar Dambatta zai ji. Ku kuma 'yan'uwa, in ɗanku ya zo da takardar shiga wani sabon fanni, kafin ku kwance akuya ku aike shi ya tambayo ɗaliban aji biyu ko sun taɓa shiga ɗakin gwaji.