Kada Mu Wayi Gari Muna Gadin Filayen Iyayenmu



Akwai wata magana da ta kama bakin matasanmu, har da wasu masu furfura, tun da dogayen benaye suka fara tsirowa a Rayfield. Wai kasuwa ta buɗe, mai gida ko fili ya sayar tun ƙarfe na da zafi. Ana yin ta a teburin mai shayi, ana yin ta a majalisa bayan Isha'i, har a zaman makoki, mamaci bai kwana bakwai a kabari ba an fara raɗa cewa gidan nan zai yi miliyan kaza. Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba, kuma za mu faɗi dalilinmu ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Cewa kasuwa ta buɗe, wannan gaskiya ne. Wanda ya bi ta Gold and Base ya nufi Little Rayfield, ko ya zaga ta Gura Topp, ya ga abin da idonsa. Inda muka sani ana noman acca da dankali yanzu rukunin gidaje ne, katanga ɗaya, ƙofa ɗaya, maigadi a bakinta. Ga kuma sabon yayin nan na bene guda da ake sayarwa fulat-fulat, mutum ya mallaki ɗaki uku a hawa na biyu alhali ba shi da ko taku ɗaya a ƙasa, kuma duk shekara ya biya kuɗin gadi da shara da man janareta. Tambayar ita ce, wa aka buɗe wa kasuwar, kuma me muke kaiwa cikinta?

Rayfield tun asali wurin manya ne. Turawan kuza suka zaɓe shi saboda iska da sarari, filin wasan golf ɗinsu yana nan tun 1913, manyan kamfanin ATMN a nan suka zauna. Kakanninmu kuwa aiki ya kawo su, daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Barno. Wasu da ƙafarsu suka zo, wasu diban gwamna ya kwaso su daga 1942, lokacin yaƙin Hitila, da Japan ta ƙwace Malaya Ingila ta rasa inda za ta samu kuza. Da diga da kwanon sarki suka yi ramukan nan. Tafkin Rayfield Resort da ake zuwa shan iska ana ɗaukar hoto, ramin kuza ne. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, abin da ya rage mana shi ne ramuka da tsofaffin barikoki da 'yan filayen da iyaye suka saya a hannun maƙwabtanmu Birom. Shekara da shekaru ba wanda ya kalle su.

Abubuwa uku suka taru suka sa yanzu ake kallonsu. Rikicin 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, sun raba garin Jos gida biyu, masu hali da yawa suka yo kudu. Sai Gwamna Jonah Jang, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, ya gina sabon gidan gwamnati a Little Rayfield, tituna suka biyo baya, kuma inda kwalta ta je farashin fili yana binta a guje. Na ukun shi ne faɗuwar naira. Dala da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Mai kuɗi ya ga takardar da ke hannunsa tana narkewa kamar gishiri a ruwa, sai ya nemi abin da ba ya narkewa. Ɗan Filato da ke aiki a Ingila ko Amurka kuma, albashinsa na wata ɗaya ya ninka sau uku in an canza shi. Su ne masu sayen, su da manyan Abuja masu son wurin hutun ƙarshen mako saboda sanyin Jos. Shi ya sa za ka ga bene an gama shi, an yi masa fenti, shekara biyu labule bai motsa ba. Mai shi bai gina don ya kwana ba, asusu ya yi.

To, jama'a, a nan ne lissafin ya tsaya mana a wuya. Mai kuɗi yana gudun naira yana neman ƙasa. Mu kuma ana ce mana mu ba shi ƙasa mu karɓi naira. Shi da ya fi mu sanin kuɗi, abin da yake jefarwa shi muke rububin cafewa. Mu 'yan kasuwa ne, mun san in ka ga babban dila yana neman wani kaya ido rufe, ba ranar sayarwa ba ce.

A ce an ba gida miliyan ashirin, magada takwas. Dillali ya cire la'adarsa, a biya bashin mamaci, a raba. Me rabon mutum ɗaya zai gina? Buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya haura 10,000 a 2024, rodi da kwano da katako duk sun bi shi. Kuma ina za a je? Wannan ita ce tambayar da dillali ba ya so a yi a gabansa. Kowa ya san yadda garin nan ya koma, ba kowace unguwa ɗanmu zai je ya sayi fili ya kwana da ido biyu rufe ba. Angwan Rogo da Rikkos da Gangare sun cika sun batse, ɗaki ɗaya ma sai da kamun ƙafa, kuma cunkoson ya sa filin can ya yi tsada shi ma. Saura Tilden Fulani da Narabi, cikin jihar Bauchi, kullum mutum ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa da man fetur ɗin da aka cire wa tallafi tun Mayun 2023. Waɗanda suka sayar da gidajensu a firgice bayan 2001 da 2010 suna nan da ransu. A je a tambaye su nawa aka ba su, sannan a tambayi nawa ake yi wa gidajen kuɗi yau. Su dai tsoro ya kore su, ba mai ganin laifinsu. Mu da za mu fita da ƙafarmu cikin zaman lafiya, wane uzuri za mu ba jikoki?

Masu goyon bayan sayarwa suna cewa ai ginin ya kawo aiki. Ya kawo, ba mu musu. Yaranmu suna kwaɓa siminti, masu tifa suna zuba yashi, masu buga bulo sun samu ciniki, mata suna kai shinkafa da wake wurin aiki. Amma aikin gini ƙarewa yake. Ranar da aka ɗaura ƙofar ƙarfe, leburan da ya ɗauki bulon gidan a kansa sai ya nemi izini kafin ya shiga. Babban kuɗin kuwa bai taɓa kwana a unguwar nan ba. Siminti na Dangote ne ko BUA, tayil da fitilu daga Sin, ɗan kwangila da manyan ma'aikatansa daga wani gari. Mu masu shago abin da muka gani shi ne littafin bashi: ma'aikata su ci burodi da sukari na wata biyu, a gama aiki, a neme su a rasa. Masu shiga gidajen kuma ba sa sayen magi a teburinmu, da mota suke zuwa babban kanti.

Abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Masu lambunmu da ke bakin ramukan kuza, waɗanda suka gaji noman rani tun daga iyaye, suna fitar da latas da kabeji da karas da koren wake zuwa Farin Gada da Building Materials, yawancinsu hayar gonar suke yi shekara-shekara. Mai gona ya sayar, sai dai mutum ya zo da injin ban-ruwa ya tarar da katanga. Lambu ɗaya yana riƙe da gida uku ko huɗu in ka haɗa da masu ɗauka da masu kai wa kasuwa. Haya ta tashi, domin mai gida ya ji abin da ake biya a tsallaken titi, shi ma ya ɗaga nasa, alhali bai ƙara ko bokitin fenti ba. Saurayi ya kai aure ya rasa ɗakin da zai sa amarya. Rijiyoyinmu da ba sa ƙafewa sai ƙarshen rani yanzu tun ana sanyi suke ja da baya, ga kowane sabon gida da burtsatsensa da tankinsa a sama. Maƙwabtanmu Birom ma abin bai bar su ba. Gonar gado ce suke sayarwa, kuma mun ga 'ya'yan masu gona suna gadi a kan ƙasar da kakansu ya nome. Wannan ciwo ɗaya ne muke fama da shi, mu da su, ko da ba mu saba zama mu faɗa wa juna ba.

Yanzu mu dawo cikin gida, domin ɓarawon da ya san inda makulli yake ya fi na waje ɓarna. Baƙon da ya zo daga Abuja bai san gidan da aka yi rasuwa ba, bai san wanda bashi ya kama ba, bai san 'yan'uwan da ba sa ga maciji ba. Namu ne ke kai shi. Dillanci sana'a ce ta halal, ba mu ce a daina ba. Amma dillalin da zai zauna a zaman makoki yana auna tsakar gida da ido, ya ja babban ɗa gefe ya ce kada ka gaya wa ƙannenka mata sai an gama, ya kawo abokinsa ya yi tayin ƙarya don a ruɗi mai saye, ko ya ce wa mai gida goma aka saya alhali sha biyar ya karɓa, wannan ya san sunan abin da yake ci. Kai, har mun ji ana tsorata tsofaffi da cewa gwamnati za ta rushe unguwar, gara su karɓi abin da ya samu. In mutum yana da labarin rusau, ya kawo takarda a karanta a masallaci. In ba shi da ita, ya ji tsoron Allah ya yi shiru.

Magada kuma su sani, gidan da ba a raba ba, ba na babban wa ba ne. Matar mamaci tana da tumuninta in akwai 'ya'ya, 'ya mace tana da rabonta, maraya ƙarami yana da nasa, kuma sa hannun mutum ɗaya ba ya sayar da haƙƙin sauran. Sannan akwai shufu'a, wadda duk wanda ya yi karatun Risala ya wuce ta kanta. In ɗaya daga cikin masu tarayya a gida ya sayar da kasonsa ga bare kafin a raba, sauran suna da ikon su biya kuɗin da aka saya su karɓe. A mazhabarmu ta Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, maƙwabci ba ya da shi, kuma wanda yana gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, ya sarayar. Mata da yawa a unguwar nan an sayar da gidan ubansu suna kuka, ba su san suna da wannan ƙofa ba. Kotunan yanki suna nan, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a tana nan a Jos.

Sai maganar takarda, wadda ita ce rauninmu babba. Dokar filaye ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna. Yana da ikon karɓar fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da doka ta tanada ta abin da ka gina ko ka shuka ce. Mu kuwa gidaje nawa ne a nan abin da suka riƙe bai wuce wata tsohuwar takarda mai sa hannun mai unguwa da shaidu biyu da suka riga mu gidan gaskiya ba? Wasu ma ko ita babu, sai "kowa ya san na babanmu ne". Kowa ya sani ba ya tsayawa a gaban alƙali. Mai irin wannan gida shi ake taya wa da arha, domin mai saye ya san zai je ya yi safiyo, ya bi ta PLAGIS da ma'aikatar filaye ya fito da takardar mallaka, washegari kuɗin filin ya ninka. Ribar da ke tsakanin farashin nan biyu, tamu ce muke bari a ƙasa saboda ƙyuyar hawa mota zuwa ofis. Izinin gini kuma na JMDB ne, kuma tun da Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu a umarni mai lamba 003 a 2024 kan gine-ginen da ba su da izini, wanda zai ƙara ko shago ne a jikin gidansa ya nemi izinin tukuna. Mutanen Maroko a Legas sun zauna shekaru a gefen masu kuɗin Victoria Island, a Yulin 1990 aka share unguwar cikin 'yan kwanaki, yau manyan gidaje ne a wurin. Ba mu ce haka za a yi mana ba. Amma talakan da ya wayi gari attajirai sun kewaye shi, ya kamata barcinsa ya ragu.

Wanda lalura ta kama, ciwo ko bashi, ba mu hana shi sayar da abinsa ba, halalinsa ne. Abin da muke roƙo, ya fara sanar da 'yan'uwansa da maƙwabta kafin dillali, ya ba su ko wata ɗaya ne. Mai fili babba a bakin titi kuma ba dole sai ya sayar ba. Ana ba da haya ta shekaru, ana yin yarjejeniya mai gini ya gina ya ba mai ƙasa shaguna ko fulat a ciki, a gaban lauya da shaidu, fili yana nan da sunanka. Masu hali a cikinmu da ke zuba kuɗi a Kano da Kaduna, su waiwayo gida su sayi na ɗan'uwa da farashin mutunci. Duk gidan da ya fita, sahu ya ragu a masallaci, ɗalibi ya ragu a Islamiyya, ƙuri'a ta ragu a akwatinmu, kuma unguwar da ba ta da ƙuri'a ko kwalbati ba a gyara mata.

Abu na gaggawa shi ne filayen da suke na kowa, domin na kowa shi ne ba shi da mai tsaro. Masallacin Juma'a, filin Idi, makarantar Islamiyya, da makabarta. Muna kira ga mai unguwa da kwamitin masallaci su kira taro kafin wata ya ƙare, a buɗe asusu, a ɗauko mai safiyo ya auna su ɗaya bayan ɗaya, a kafa duwatsun iyaka, a rubuta su wakafi da sunan amintattu. A fara da makabarta, domin ita ce ba ta da katanga, kuma sabon gini ya riga ya iso gefenta ta gabas.