Ra'ayi: A bar yara da takobin kwali, amma a raba su da bindigar kwali

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san motar kara da motar langa-langa. Yaro zai tsinci gwangwanin madara, ya fasa shi, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, kafin la'asar yana jan motarsa a layi yana yi mata kukan inji da baki.

Hannun bai canza ba. Abin da ya canza shi ne inda yaro ke samo samfur. A da a tasha yake ganin abin da zai kwaikwaya, yanzu a cikin waya yake gani: hular kwanon PUBG, takobin Minecraft, bindigogin Free Fire da Call of Duty.

Iyaye da yawa idan suka ga kwali da gam sun cika ɗaki, abin da ke zuwa musu shi ne ɗan gem ya ƙaro wani shirmen. Sai a share, a kai bola. Wannan kuskure ne, domin a cikin duk abin da wasan waya ke jawowa, wannan ne kusan kaɗai yake sa yaro ya ajiye wayar ya kama aiki da hannunsa.

A wasu ƙasashe abin ya daɗe da zama sana'a. Japanawa ne suka raɗa wa shigar kwaikwayon jaruman wasanni da na zane suna "kosupure" a farkon shekarun 1980, kuma tun 2003 ake taron duniya na masu wannan shiga a birnin Nagoya. A Atlanta ta Amurka, wani mai zanen kwamfuta, Harrison Krix, ya shahara da ƙera na'urar wasan Portal a gida, daga baya ya buɗe shagonsa Volpin Props, har kamfanonin wasannin suka riƙa ba shi aiki. A Jamus, Svetlana Quindt, wadda aka fi sani da Kamui, ta yi suna da haɗa sulken jaruman wasanni, ta kuma rubuta littattafan koyar da aikin.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne kayan aikin nasu. Yawancin sulken da ake gani yana walƙiya kamar ƙarfe, da robar EVA ake yin sa, wato irin robar da ake yin silifa da ita. Ana yanka ta da reza, a ɗumama ta ta lanƙwasa, a manne da irin gam ɗin masu gyaran takalmi, a goge da samfefa, a bi da fenti. Takobi kuwa ana sa masa siririn bututun ruwa na roba a ciki don kada ya karye. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da za a nema a rasa tsakanin Ƙofar Wambai da Ƙofar Ruwa a Kano, ko a Panteka ta Kaduna.

Kamfanin Nintendo ma a 2018 ya fitar da Labo, kwalin da yaro zai naɗe da kansa ya haɗa da na'urar wasa, a lokacin an sayar da shi wajen dala 70. Kwalin da ake biya a can, a nan kyauta ake tsintarsa bayan shagon mai firiji.

Sai a duba abin da yaro ke koya kafin ya gama takobi ɗaya. Abin da ya gani a waya hoto ne, ba shi da awo. Dole ya auna: idan jarumin a hoto tsayinsa santimita 12 ne, takobinsa 10, shi kuma yaron tsayinsa santimita 150, to takobinsa zai zama 125. Wannan shi ne lissafin da malami ya yi ta fama da shi a aji bai shiga ba, ga shi ya shiga ta hanyar kwali.

Hular kwano ta fi wuya. Kwali shimfiɗaɗɗe ne, kai kuma zagayayye, don haka sai an yanka shi ɓangare-ɓangare kamar ɓawon lemu kafin ya haɗu. Akwai manhajar Japan mai suna Pepakura da ke warware siffar abu ta mayar da ita guntayen takarda masu lamba, masu son wasan Halo sun daɗe suna haɗa sulke da ita. Yaron da ba shi da kwamfuta da idonsa yake wannan lissafi, yana ɓatawa yana sakewa. Aikin tela ne, aikin baduku ne, kuma shi ne aikin mai ƙera bokiti da murhu a Panteka. Wanda ya iya shi a kwali, gobe ba zai sha wuya a falan ƙarfe ba.

Kuma akwai inda za a sayar da wannan hannu. Fim ɗin tarihi na buƙatar takobi da garkuwa da kwalkwali marasa nauyi, waɗanda ba za su ji wa ɗan wasa ciwo ba. Matasan The Critics na Kaduna da fasasshiyar waya da koren ƙyalle suka fara finafinansu, duniya ta san su a 2019, har darakta J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. Wanda ke ganin tarkace ba ya kai mutum ko'ina, ya tuna da su.

To amma akwai iyaka, kuma a nan ne ya kamata iyaye su tsaya da ƙafafunsu. Daga cikin wasannin da suka karɓu a wayoyin matasan Arewa akwai na harbi, abin da yaro zai fi sha'awar ƙerawa kuma shi ne bindiga. Bindigogin waɗannan wasanni da yawa an zano su ne daga na gaske, ciki har da dangin AK-47. Yaron da ya ƙware, ya sami bututu da katako da baƙin fenti, zai fitar da abin da daga tazarar taku ashirin, da magariba, ba mai iya bambanta shi da ta gaske. Ƙwarewar tasa ita ce haɗarin.

A watan Nuwamban 2014, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a wani filin wasa a birnin Cleveland na Amurka. Bindigar wasa ce a wurinsa, wadda jan-lemun da doka ta ce a sa a bakin irinta ya fita. Cikin daƙiƙa kusan biyu da isowar 'yan sanda aka harbe shi. Birtaniya kuwa tun dokar 2006 ta hana ƙerawa da sayar da bindigar kwaikwayo mai kama da ta gaske, sai ga wasu keɓaɓɓun ayyuka irin su fim. A manyan tarukan masu shigar kwaikwayo ma sai an duba duk wani makamin wasa a ƙofa an ɗaura masa alama. A 2017 masu taron birnin Phoenix sun hana shiga da su baki ɗaya bayan an kama wani da bindigogin gaske a wurin.

Idan haka ake yi a can, ina ga yankin da ke fama da 'yan bindiga, inda ake da shingen bincike a hanyoyi, ga 'yan banga, ga 'yan sa-kai, kowa a tsorace? Mutane ba su manta da Uromi ba, inda a watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Taron da ya fusata ba ya tsayawa ya taɓa abu ya ji ko kwali ne.

Hoto ma matsala ce. Matashi zai riƙe bindigar kwali ya ɗauki bidiyo ya sa a TikTok don abokansa su yaba, bidiyon ya bar hannunsa, ya faɗa wani zauren WhatsApp da wani rubutu dabam a ƙasansa. Sai ya wayi gari yana bayani a ofishin 'yan sanda, in an yi sa'a ke nan. Ko tashe, da kowa ya san gemun auduga ne da tsummokara, 'yan sandan Kano sun hana shi a wasu shekarun baya-bayan nan saboda ɓata-gari na fakewa da shi.

Wani zai ce ai ana sayar da bindigar roba a kasuwa duk sallah. Gaskiya ne, amma yawancinsu ƙanana ne masu launin kore da ja, kowa ya gani ya san ta yara ce. Mai ƙira shi burinsa a ce "kamar gaske".

Saboda haka uban da ya ga ɗansa da reza da kwali, ya zauna ya tambaye shi me yake haɗawa. In sulke ne ko hula ko garkuwa, ya saya masa gam, ya ce ya yi aikin a tsakar gida saboda warin gam da fenti na illa a rufaffen ɗaki. In takobi ne, ya zama na kwali ko roba, ba ƙarfe ba, kuma ya tsaya a gida. In bindiga ce, a ce a'a, a kuma faɗa masa dalili. Malaman fasaha a ƙananan sakandare za su iya mayar da wannan aikin aji da sharaɗi iri ɗaya.

Yaron da ya nace sai ya riƙe wani abu daga PUBG, akwai kaskon suyan nan da ɗan wasa ke ratayawa a ƙugu yana tare masa harsashi. Duk ɗan gem ya san shi, kuma tsohon murfin tukunya da guntun katako sun isa a haɗa shi.