ALƘALAMIN AKAWU SHI MA MAGANI NE

In aka ambaci binciken cuta, abin da ke fara zo wa mutane a rai shi ne likita da farar rigarsa da madubinsa da kwalaben magani. Ba safai akan tuna da malamin da ke zaune a gefe da alƙalami da rajista ba. Mu kuwa a ganinmu aikin wannan malami shi ne ginshiƙin binciken duka. In ya karkace, ginin ba zai tsaya ba.

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jihar Jigawa. Abin da ake so a sani shi ne, ko fesa magani a ɗakuna da raba wa jama'a ƙwayoyi za su iya kashe cutar ɗungum. Kafin a yi feshi ko sau ɗaya, sai da aka daɗe ana bin ƙauyuka gida gida, kowane mako 10 a ɗibi jinin mutane a duba, a rubuta wanda aka haifa, da wanda ya rasu, da wanda ya yi ƙaura. Sa'an nan aka yi feshi a daminar 1972 da ta 1973, aka bar waɗansu ƙauyuka ba a fesa ba don a gwada su da waɗanda aka fesa.

Da aka tattara lissafi, sai ya bayyana cewa cutar ta ragu ƙwarai inda aka haɗa feshi da ƙwayoyi, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuwa ta komo. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne, wani sauron in ya yi cizo ba ya hutawa a bangon ɗaki, sai ya fice waje inda magani bai kai ba. An buga littafin wannan aiki a 1980, masana kuma sun ci gaba da komawa ga alƙaluman Garki shekara da shekaru. To, ina dalili? Don an rubuta su da tsari, an kuma adana su. Da ido kaɗai aka dogara, da an ga zazzaɓi ya lafa an ce an ci nasara, a yi ta kashe kuɗi a banza.

Saboda haka muna kira ga hukumomin asibitoci da jami'o'i, duk inda ake binciken lafiya a kafa ofis na masanan ƙididdiga da masu kula da bayanai, a ba su albashi da kayan aiki. Likita kuma ya nemi shawararsu tun kafin ya fara, su faɗa masa mutum nawa ya kamata a duba, da irin tambayoyin da za a yi, gama tun ran gini ran zane. Mutum biyu su shigar da kowace takarda cikin kwamfuta daban daban, a gwada, a gyara inda suka saɓa. A ajiye kwafi a wani wuri dabam saboda gobara da gara, sunayen marasa lafiya kuwa a ɓoye su, don amana ce.

Ku kuma malamai akawu, nauyin yana wuyanku. In ba ku san shekarun yaro ba, kada ku ƙirƙira, ku rubuta ba a sani ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Malaman makaranta, ku koya wa yara tsabtar rubutu da gaskiya a lissafi, tun daga rajistar kiran suna, don daga cikinsu ne akawun gobe za su fito.

Lamba ɗaya ta ƙarya tana iya sa a kai magani inda ba cuta, a bar inda yara ke mutuwa. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.