A jarraba su a gaban gadon majiyyaci

Ɗalibin da ya yi shekara 3 yana koyon aikin jinya a makarantar ENSP ta Yamai ko ta Damagaram, ranar da aka tura shi ƙaramin gidan likita a karkarar Dakoro, wajen Kornaka ko Birnin Lalle, shi ne likita, shi ne unguwarzoma, shi ne mai ajiyar magani. Babu na gaba da shi da zai tambaya cikin dare.

To, me ya kamata ya iya kafin a miƙa masa takardar shaida? Ya iya samun jijiyar yaron da zawo ya tsotse, ko da hasken tocila ne. Ya auna damtsen yaro, ya san ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani; waɗanda suka ga yunwar 2005 sun san abin da muke nufi. Babba kuwa, ya gane haihuwar da ta fi ƙarfinsa, ya tura matar asibitin Dakoro tun tana da sauran numfashi. Tun 2006 da gwamnati ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, lissafin magani ma ya hau kansa.

Sannan ga harshe. Da Faransanci aka karantar da shi, alhali mai ciwo da Hausa, Fulatanci ko Tamajak zai yi kukansa.

Muna kira ga ma'aikatar lafiya da ta wajabta wa kowane ɗalibi, har na makarantun kuɗi, damina guda a karkara lokacin zazzaɓin cizon sauro, a kuma ba shi maki a can.