Hirar Iyali: Wa Ke Gaishe Da Mai Bishara?

Ranar da aka keɓe mai bishara, majami'a takan cika maƙil. Mu yi masa addu'a, mu raka shi tasha da iyalinsa, mu koma gida. Bayan wata shida fa? Yana can ƙauye, masu sujada huɗu ne a gindin itace. Matarsa ba ta da abokiyar hira a bakin rijiya. Kowa yana kawo masa damuwa, shi kuwa ba shi da wanda zai kai wa tasa.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. A 1893 Gowans da Kent da Bingham, waɗanda suka fara aikin SIM, suka sauka Ikko. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, nesa da juna. Manzo Bulus ma daga kurkuku ya roƙi Timoti ya zo kafin hunturu. Ubangiji kuwa biyu biyu ya aiki almajiransa.

To, mu fa? Baiko yana da kyau, amma kuɗi ba ya hira. Zumunta a ƙafa take. Bari mu aiki dattawa biyu su kwana can bayan girbi. Matan zumunta su kai wa uwargida daddawa da sabulu, su zauna su ji ta bakinta. Wanda bai sami zuwa ba ya buga waya. In mun je, kada mu fara da tambayar mutum nawa suka tuba. Mu fara da, "Malam, ina gajiya? Yaya yara?"

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wa za mu ziyarta a wannan wata?