Iskar Taya Da Zafin Hanya: Gyara Kayanka

A lokacin bazara, direbobi da yawa sukan tsaya a bakin hanya su rage iskar tayoyinsu, wai don zafi ya kumbura su, kada su fashe. Wasu kuma sukan biya kuɗi a zuba musu iskar naitirojin, bisa imanin cewa zafi ba ya taɓa ta. A ganinmu, waɗannan ɗabi'u biyu sun samo asali ne daga rashin fahimtar darasin da ake koyarwa a ajin kimiyya na sakandare.

Dokar Gay-Lussac ta nuna cewa idan aka tsare iska a cikin mazubin da girmansa bai sauya ba, matsinta yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar zafi a ma'aunin Kelvin. Alal misali, tayar da aka buga wa iska 32 a ma'aunin psi da sanyin safiya, zafi yana digiri 20 na Salshiyas, za ta kai wajen 37 idan tafiya ta ɗumama ta zuwa digiri 50. Masu ƙera taya sun san da wannan ƙarin, kuma sun yi tanadinsa. Naitirojin ma wannan doka take bi. Hasali ma, kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, kashi 21 kuwa oksijin.

Inda bambanci yake shi ne danshi. Injin mai faci yana zuƙo iska tare da laimar da ke cikinta, musamman da damina. Idan aka matse iskar ta huce, sai laimar ta zama ruwa ta kwanta a gindin tanki, daga nan kuma ta bi tiyo zuwa cikin taya. Ruwan nan yana komawa tururi yayin da taya ta yi zafi, kuma matsin tururi yana hawa da sauri ƙwarai: bai kai rabin psi ba a digiri 20, ya kusa 2 a digiri 50, sannan ya kusa 7 a digiri 80. Saboda haka taya mai ruwa a ciki ba ta da tabbas. Babban amfanin naitirojin ta kwalba shi ne a bushe take, ba ta kuma taimaka wa wuta, shi ya sa ake zuba ta a tayoyin manyan jiragen sama. Tana kuma ɗan jinkirin sulalewa ta jikin roba. Amma ga motar haya, busasshiyar iska ta wadatar.

Haɗarin gaske yana wajen ƙarancin iska. Tayar da ba ta cika ba tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta ƙara zafi har ta yage. Ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgin alhazan Nijeriya da ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama wuta ya faɗi, mutum 261 suka rasu. Bincike ya gano cewa ƙarancin iska a tayoyinsa ne mafarin gobarar. Direban da ya rage iskar taya mai zafi, idan ta huce zai tarar ta yi ƙasa da ƙa'ida, wato garin gudun gara ya faɗa gidan zago.

Shawararmu ita ce a riƙa auna iska da safe kafin mota ta motsa, aƙalla sau ɗaya a wata, bisa lambar da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ko cikin littafin mota. Masu faci su riƙa buɗe makunnin da ke ƙasan tanki kullum ruwa ya tsiyaye. Malamai kuma su kai ɗalibai su auna taya da safe da kuma bayan tafiya, su kwatanta da lissafinsu. Ɗalibin da ya ga haka da idonsa zai iya ganar da mahaifinsa ko direban unguwarsu.