Kafin Mu Ce Baƙon Abu Ne, Mu Tambayi Tashe



Da zarar an ce namiji ya ɗaura zane ya fito a mace a dandali, ko mace ta naɗa rawani ta fito a namiji, sai wasunmu su yi caa, wai Turawa ne suka kawo. Mu dai mun ce a'a. Mai faɗin haka bai san wasannin garinsu ba.

Idan azumi ya kai goma, 'yan mata kan yi tashen Mairama da Daudu. Ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, a nuna zaman aure, iyaye na dariya suna ba su hatsi. A wasan gauta kuwa, matan fada ne ke yin shigar sarki da fadawansa, su kwaikwayi magana da tafiyarsu, mai kure ya ga kurensa. Ina Bature a nan? Su ma Turawan, a Ingilar zamanin Shakespeare yara maza ne ke fitowa a mata, sai a 1660 mata suka fara hawa dandali.

Mun san hadisin da ya yi tir da namiji mai kamanta kansa da mace, da mace mai kamanta kanta da namiji. Ba fatawa muka zo yi ba, wannan fagen malamai ne. Namu fagen shi ne kada a yi wa tarihi ƙarya. Ko ƙudurin hana shigar wani jinsi da aka kai Majalisar Wakilai a 2022 ya keɓe wasan dandali daga hukunci.

A 2024 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta hana fina-finan daba da daudu. 'Yan sandan Kano sun sha hana tashe saboda ɓata-gari. Kowane hani da dalilinsa, amma idan wasa ya mutu ba a rubuta shi ba, jikokinmu sai dai su ji a bakin baƙi.

Wa zai rubuta? Marubucin da ya tare a waya yana jera labarin soyayya kashi-kashi a WhatsApp, bai taɓa kallon atisayen wasa ba? Ɗan garin nan Umaru Ɗanjuma Katsina ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna a 1979, kuma shi ne Kasagi da aka sani a talabijin. Alƙalami a hannu, jiki a fage. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun bayan da Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975, ɗalibai ke shiga Samaru su ƙirƙiri wasa daga matsalolin mutanen gari, da kiɗa da waƙa da rawa.

Don haka ga aiki. Kafin azumi mai zuwa, kowannenmu ya sami tsohuwa ɗaya, a Rafindaɗi ko Ƙofar Marusa ko unguwarsu, ya tambaye ta tashen da ta yi tana yarinya: wa ya fito a wa, me aka sa, me aka nufa. Ya rubuta, ya mayar da shi wasan minti 10, ya nemi mai kalangu da tela, a gwada a tsakar gida. Wanda yake ganin wasan bai dace ba, ya rubuta hujjarsa a nan mu karanta. Amma ya fara sanin abin da yake suka.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.